Kyawun ɗan wasa da gumin abokan aikinsa: tambayoyi da amsoshi kan lambobin yabon wasan dandamali

Duk watan Yuni, da an gama bikin lambar yabo ta Tony a birnin New York, hotuna kan cika intanet: wane ya sha kwat, wance ta sha doguwar riga, ga lambar a hannu ana murmushi. Masu sha'awar wasan kwaikwayo sai su shiga muhawara kan wa ya fi kyau, wa aka zalunta, wa bai cancanta ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan tasowa a irin wannan hira.

Mece ce lambar Tony, kuma me ya sa ake ji da ita haka?

Ita ce babbar lambar yabo ta wasan kwaikwayon dandamali a Amurka, wato wasan da ake yi kai tsaye a gaban 'yan kallo, ba fim ba. An fara bayar da ita ranar 6 ga Afrilu 1947 a otal ɗin Waldorf Astoria da ke New York. An sa mata sunan Antoinette Perry, 'yar wasa kuma darakta, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar American Theatre Wing, wadda ta rasu a 1946. Ƙungiyar tare da The Broadway League, ta masu gidajen wasa da furodusoshi, su ke shirya bikin har yau.

A shekarun farko babu ma wannan lambar mai sheƙi da ake gani yanzu. Takardar shaida ake bayarwa da 'yan ƙananan kyaututtuka, irin su abin kunna taba da abin maƙale kuɗi. Sai a 1949 aka fara bayar da lambar ƙarfe, kuma a 1967 aka fara nuna bikin a talabijin ga ƙasar baki ɗaya.

Ba kowane wasa ne ke shiga gasar ba. Dole ya zama an yi shi a ɗaya daga cikin gidajen wasa 41 da ake kira Broadway, waɗanda kowannensu ke da kujeru 500 ko fiye. Wasan da aka yi a ƙaramin zaure, ko da a titi ɗaya suke, komai kyawunsa ba ya cikin lissafi.

Ingila fa?

Tana da tata, lambar Olivier. An fara ta a 1976, aka sa mata sunan shahararren ɗan wasa Laurence Olivier a 1984. Faransa kuma tana da lambar Molière tun 1987.

Su wa ke zaɓen waɗanda za a ba Tony?

Mataki biyu ne. Akwai kwamiti na ƙwararru, mutum kamar 50, waɗanda aikinsu shi ne su kalli duk sabon wasan da aka buɗe a kakar. Su ke fitar da sunayen 'yan takara a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Daga nan sai masu jefa ƙuri'a su ɗari takwas da wani abu, cikinsu akwai furodusoshi, daraktoci, 'yan wasa, marubuta, masu tsara fitilu da sutura da wasu 'yan jarida, su zaɓi gwani a kowane rukuni. Ƙa'ida ita ce kada mutum ya jefa ƙuri'a a rukunin da bai kalli dukkan 'yan takararsa ba.

Kun ga ke nan 'yan kallo ba su da ƙuri'a. Masoyan ɗan wasa ko sun kai miliyan ba za su iya tura shi kan mumbari ba.

To, kyawun fuska yana taimaka wa ɗan wasa ya ci lambar?

Yana taimaka masa ya samu aiki, wannan kam babu musu. Furodusa ɗan kasuwa ne. Ya san idan ya sa fuskar da mutane ke so a jikin allon talla, tikiti zai ƙare. Shi ya sa ake ɗauko taurarin Hollywood a kawo su Broadway na 'yan watanni, a tsawwala kuɗin shiga, jama'a kuma su biya.

Amma cika zaure daban, cin lamba daban. A 2006 Julia Roberts, wadda a lokacin da wuya a samu 'yar fim da ta fi ta farin jini, ta hau dandamalin Broadway. Mutane sun yi dafifi, amma ko cikin 'yan takara ba a sa ta ba. A 2025 Denzel Washington da Jake Gyllenhaal sun yi Othello, tikitin wasu kujerun ya haura dala 900, wasan ya tara kuɗi masu yawa, amma bai samu takara ko ɗaya ba. A shekarar ce kuma George Clooney ya shiga takarar gwarzon ɗan wasa bai ci ba. Shi dai Denzel ɗin ya taɓa cin Tony a 2010 da wasan Fences, tare da Viola Davis. Fuskar ba ta canza ba tsakanin 2010 da 2025 in ban da shekaru. Wasan da aka gina a kewaye da ita ne ya bambanta.

Dalilin yana cikin yanayin dandamali kansa. A fim kyamara tana matsowa har ka ga ƙiftawar ido. A babban zaure, wanda ke zaune can sama a kujerun baya ba ya ganin hanci ko gashin ido. Murya yake ji, tsayuwa yake gani, da yadda ɗan wasa ke tafiya, da inda yake yin shiru. Kyawun da ke isa kujerar baya kyawu ne da aka koya, aka yi ta maimaitawa. Akwai 'yan wasan da in kun haɗu a kasuwa ba za ka waiwaya ba, amma da sun hau dandamali ba ka iya ɗauke ido daga kansu. Akwai kuma kyawawan da minti goma da fara wasa ka manta suna wurin.

Laifi ne mutum ya je kallo don ɗan wasan ya burge shi?

Hukuncin addini na malamai ne, kowa kuma ya san iyakarsa. Ta fuskar sana'ar dai, ni ban ga abin kunya ba. Da yawa daga cikin waɗanda yau suka san wasan dandamali ciki da waje, wani jarumi ne ya fara jawo su. Sun je ganin mutum ɗaya, suka dawo da son sana'a guda.

Inda abin ke lalacewa shi ne ladabi. A Broadway da Landan akwai al'adar tsayawa a ƙofar baya bayan an tashi, 'yan wasa su fito su sa hannu a 'yar mujallar shirin, wani lokaci a ɗauki hoto. Alheri ne suke yi, ba ya cikin kuɗin tikiti. Mutumin nan ya kwashe awa biyu ko uku yana magana da waƙa, gobe ma zai sake, sau 8 a mako. Idan ya wuce bai tsaya ba, galibi muryarsa yake tattali. Bin sa har masauki, ko jan rigarsa, ko ɗaukar sa bidiyo yana tsakiyar wasa, duk cin zarafi ne ko da da sunan so aka yi. Hasken waya a cikin zaure mai duhu yana isa idon wanda ke kan dandamali. A 2015 Patti LuPone, tana tsakiyar wasa a New York, ta karɓe wayar wata 'yar kallo da ta ƙi daina rubuta saƙo, kuma abokan sana'arta da dama sun goyi bayanta.

Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne masoyan da ke tafi da ihu in jaruminsu ya shigo, sannan su koma hira in abokin wasansa ya fara magana. Ai da wannan abokin wasan ne jarumin naku ke samun abin da zai mayar wa martani.

Idan ana cewa ba shi kaɗai ba ne, su wane ne sauran?

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne zancen yake.

Ɗauki lokacin da ya fi burge ka: jarumi yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar dandamali, haske ya sauka a fuskarsa, muryarsa ta cika zauren. Kalmomin da yake faɗa marubuci ne ya zauna da su, wani lokaci shekaru. Inda yake tsaye darakta ne ya zaɓa bayan makonni huɗu zuwa shida ana gwaji. Hasken da ya sa fatarsa ke ɗaukar ido kuwa, mai tsara fitilu ne ya zaɓi launinsa da kusurwar da zai fito. Wannan ba ƙaramin ilimi ba ne: launin da ke ƙawata farar fata yana iya dusashe baƙa, hasken da ya fito daga ƙasa yana mayar da kyakkyawar fuska abin tsoro, wanda ya sauko tsaye daga sama yana rufe idanu da inuwa. Sannan akwai wani can sama a bayan 'yan kallo, riƙe da babbar fitila, yana bin jarumin duk inda ya taka. In ya yi latti da daƙiƙa ɗaya, jarumi zai yi magana a cikin duhu.

Kafaɗar da kike gani ta cika riga, mai tsara sutura ne ya auna, tela ya ɗinka, wani kuma yake wankewa yana gogewa yana gyara maɓalli kafin kowane wasa. A bayan labule akwai masu sa wa 'yan wasa kaya, waɗanda kan canza wa mutum shiga daga kai har ƙafa cikin ƙasa da minti ɗaya, a cikin duhu. Gashin nan mai kyau sau da yawa na sakawa ne, an saƙa shi sili-sili da hannu, kuma a bakin goshinsa ne ake ɓoye 'yar ƙaramar makirfo. Muryar da ke ratsa ka tana bi ta hannun wani da ke zaune a bayan zaure gaban na'ura, yana ɗaga ta wannan yana sauke ta wancan, layi bayan layi, don kada a ji numfashin wanda ba shi ke magana ba. In wasa mai waƙa ne, makaɗa suna cikin wani rami a gaban dandamali, yawancin 'yan kallo ba za su taɓa ganin fuskarsu ba.

Wanda ya riƙe duk waɗannan shi ne manajan dandamali. Yana zaune da littafi a gabansa da abin magana a kunne, shi ke ba da umarnin kowane canjin haske, kowane sauti, kowane motsin bango ko labule, kuma a babban wasa umarnin yana kai ɗaruruwa. Da an buɗe wasa darakta kan tafi wani aikin. Manajan ne ke zama da shi watanni ko shekaru, yana tabbatar da cewa wasan yau bai kauce wa abin da aka tsara ba, yana horar da sababbin shiga, yana yanke shawara nan take in wani ya faɗi ko na'ura ta tsaya. Harold Prince, wanda ya fi kowa yawan lambobin Tony a tarihi, guda 21, daga mataimakin manajan dandamali ya fara.

Gidan biki ne ya fi kama da wannan: amarya ake kallo, amma wanda ya leƙa madafa ya san su wa suka kwana a tsaye.

Wanda ke shakkar nauyin ma'aikatan bayan labule ya tuna Nuwamba 2007. Masu ɗaga kaya da haɗa dandamali suka shiga yajin aiki na kwana 19, wasanni fiye da 20 suka rufe. Taurarin suna nan lafiya ƙalau, a shirye suke, amma babu wanda ya iya hawa dandamali.

Su ma ana ba su lambar?

Wasunsu. Daga cikin rukunai 26 na gasar, 8 ne kawai na 'yan wasa. Akwai na darakta, na marubuci, na mai tsara kiɗa da waƙa, na mai tsara rawa, na mai tsara dandamali, sutura, fitilu da sauti. Lambar gwarzon wasa mai waƙa kuwa furodusoshi ke karɓa. Jules Fisher ya ci Tony 9 a kan fitilu kaɗai, fiye da duk wani ɗan wasa. Audra McDonald, wadda ta fi kowa a ɓangaren wasa, 6 take da su. Amma tambayi masu kallon bikin su wa suka san sunan Fisher. Yawancin waɗannan lambobi na masu fasaha ana miƙa su ne kafin a fara babban shirin talabijin.

Labarin masu sauti ya nuna yadda matsayinsu yake da rauni. Sai a 2008 aka buɗe musu rukuni. A watan Yuni 2014 kwamitin gudanarwa ya soke shi, kuma abin da aka yi ta faɗa a lokacin shi ne da yawa daga masu ƙuri'a ba su san yadda ake auna aikin sauti ba. Dubban mutane suka sa hannu a takardar koke. Sai a bikin 2018 aka dawo da lambar. Matsalar mai sauti ita ce in ya ƙware ba a lura da shi, ana tunawa da shi ne ranar da makirfo ya yi ƙara.

Manajan dandamali ba shi da rukunin gasa. Masu sa kaya ba su da shi. Ma'aikatan bayan labule sun taɓa samu daga 1948, aka daina bayan 1963. Haka kuma babu lambar da ake ba 'yan wasa a ƙungiyance, ko 'yan rawa da amshi da ke cika dandamali. Ƙungiyar 'yan wasa ta Actors' Equity, wadda aka kafa tun 1913, ta fito fili a 2018 tana neman a ƙirƙiro musu rukuni. A ganina suna da gaskiya, kuma jinkirin ya yi yawa. Sana'ar da kowa a cikinta ke cewa aikin gayya ce bai kamata babbar lambarta ta rasa gurbin gayya ba.

'Yan amshin dai sun daɗe da yi wa kansu tasu karramawar. Tun 1950 akwai wata doguwar alkyabba da ake miƙa wa ɗan amshin da ya fi kowa yawan wasannin Broadway a daren buɗe sabon wasa, kafin 'yan kallo su shigo. Ya sa ta, ya zagaya dandamali sau uku, abokan aiki suna taɓa ta, sannan wasan ya ɗinka tasa alamar a jiki kafin ta wuce wasa na gaba. Babu talabijin, babu kuɗi a ciki.

An taɓa raba lamba ɗaya tsakanin mutane da yawa?

An yi, kuma waɗannan na cikin hukunce-hukuncen da suka fi yi mini daɗi. A 2009 yara maza uku da ke karɓa-karɓar rawar Billy Elliot suka ci Tony ɗin gwarzon ɗan wasa tare. A 2012 'yan mata huɗu da ke yin Matilda a Landan suka raba Olivier. A 2022 kuma aka ba mutum bakwai lambar Olivier ta mataimakin ɗan wasa saboda damisar da suke motsawa a wasan Life of Pi. Damisar 'yar tsana ce babba, wani yana riƙe da kai, wani yana cikin ƙirji, wani yana ƙafafun baya, kuma dole numfashinsu ya zo ɗaya kafin 'yan kallo su yarda dabba ce mai rai. Babu wanda ya je don kyawun fuskarsu, wasunsu ma a sunkuye suke har a tashi.

Kafin su akwai dawakan War Horse, waɗanda kamfanin Handspring na Afirka ta Kudu ya ƙera, kowane doki mutum uku ke tafiyar da shi. Kamfanin ya samu Tony ta musamman a 2011.

Wasan mutum ɗaya fa? Ai nan kam shi kaɗai ne.

Ko nan ba haka ba ne. Sarah Snook ta ci Olivier a 2024 da Tony a 2025 da wasan da ta fito a matsayin mutum 26 ita kaɗai. Amma masu kyamara suna tare da ita a kan dandamalin suna bin ta, ana haska hoton a manyan alluna, wasu suna canza mata gashi da kaya tana cikin magana. Kowannensu ya haddace takunta kamar yadda ta haddace kalmominta.

Akwai ɗan wasan da ya taɓa ƙin lambar saboda abokan aikinsa?

Julie Andrews, a 1996. Wasan Victor/Victoria, wanda mijinta Blake Edwards ya ba da umarni, ya samu takara ɗaya tak, ita ce tata. Bayan an tashi daga wani wasan rana a watan Mayu, ta tsaya a kan dandamali ta shaida wa 'yan kallo cewa ta janye, ta zaɓi ta tsaya tare da abokan aikinta da aka yi watsi da su. Masu shirya gasar ba su cire sunanta daga takardar ƙuri'a ba, kuma Donna Murphy ce ta ci a shekarar. Wasu sun ce fushi ne kawai don an ƙi wasan mijinta. Ko da akwai wannan, ta san abin da take faɗa: ita ce ke ganin waɗanda ke fitowa tare da ita kowane dare, kuma lambar da mutane da yawa ke ganin tata ce ta sadaukar.

Na sayi tikiti don tauraro, sai aka ce ba ya nan, wani zai maye gurbinsa. An cuce ni?

Baƙin cikin gaskiya ne, musamman ga wanda ya yi tafiya mai nisa. In sunan tauraron yana saman sunan wasan a jikin talla, gidajen Broadway galibi suna yarda a canza tikiti ko a mayar da kuɗi. Amma shawarata ita ce ka zauna.

'Yan ko-ta-kwanan nan suna cikin mafi ƙwarewa a gidan. Wani ya haddace rawar mutum ɗaya, wani kuma ya haddace ta mutum biyar ko fiye, da inda kowanne ke tsayawa da ƙofar da yake fita, kuma ana iya kiran sa saura 'yan awanni. Lokacin korona ne duniya ta gane darajarsu. An rufe Broadway ranar 12 ga Maris 2020, manyan wasanni ba su dawo ba sai Satumba 2021, kuma da suka dawo cutar ta riƙa kwantar da 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. A Disamba 2021, da tauraruwar wasan The Music Man, Sutton Foster, ta kamu, 'yar ko-ta-kwana Kathy Voytko ta hau babbar rawar mace a wasan da sanarwar 'yan awanni kawai. Bayan an gama, jarumin wasan Hugh Jackman ya jawo ta gaba, ya yi wa 'yan kallo bayanin abin da ita da ire-irenta suke yi, bidiyon ya zagaya duniya. Shirley MacLaine ma ta wannan ƙofar ta shigo: a 1954 ta maye gurbin Carol Haney da ta ji rauni a ƙafa, wani furodusan fim ya gan ta, daga nan ta wuce Hollywood.

Akwai abin da ya shafi Najeriya a cikin waɗannan lambobi?

Akwai. Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ci Olivier a 2008 da rawar Othello. Sophie Okonedo, wadda mahaifinta ɗan asalin Najeriya ne, ta ci Tony a 2014, Cynthia Erivo, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ci a 2016.

Misalin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne wasan Fela!, kan rayuwar Fela Anikulapo Kuti, wanda aka buɗe a Broadway a Nuwamba 2009. Sahr Ngaujah ne ya fito a Fela, kuma duk wanda ya rubuta game da wasan sai ya ambaci kwarjininsa: yana waƙa, yana rawa, yana jan 'yan kallo da zance kusan daga farko har ƙarshe. Nauyin rawar ya kai sai da aka sa Kevin Mambo suna karɓa-karɓa. Wasan ya samu takara 11 a 2010. Ngaujah yana ciki, bai ci ba. Lambobi 3 da wasan ya tafi da su na Bill T. Jones ne a tsara rawa, Marina Draghici a sutura, da Robert Kaplowitz a sauti. Wanda ya kalli wasan zai ce Ngaujah ne ya tafi da shi, kuma bai yi ƙarya ba. Amma rawar da ke kewaye da shi, kayan da ke jikinsa da jikin matan da suka fito a matsayin sarauniyoyin Fela, da yadda kiɗan ya cika zauren har ya zama kamar gidan rawarsa na Legas, su ne masu ƙuri'a suka ga babu kamarsu a shekarar. An kawo wasan Legas a 2011.

Mu da muke da Kannywood, me ya haɗa mu da wannan?

Tushe ɗaya ne. Kafin kaset ɗin bidiyo, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne ke hawa dandamali a makarantu da zaurukan taro a Kano, Kaduna, Zariya, Katsina, Sakkwato, da Damagaram da Yamai. Daga cikinsu ne aka samu waɗanda suka shiga rediyo da talabijin, irin su Kasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Yazi Dogo a Nijar. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda ta yi Turmin Danya a 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ce kafin ta zama ta fim. A irin waɗannan ƙungiyoyi wanda ya fito a sarki yau shi ne zai ja labule gobe, kuma mutane sunan ƙungiyar suke riƙewa tare da na ɗan wasan.

Yanzu hirar ta koma kan jarumi da jaruma kusan kacokan. Ana iya ƙirga masu kallon da za su faɗi sunan wanda ya ɗauki hoton fim ɗin da suka fi so, ko wanda ya tace shi, ko mai kwalliyar da ta shirya fuskar da suke yabo. Sunayen suna nan a ƙarshen fim, a daidai lokacin da ake kashe kallo.

Ta yaya zan kalli wasa in ga aikin waɗannan mutane?

Fara da 'yar mujallar da ake bayarwa a ƙofa, ka karanta har shafukan baya inda sunayen ma'aikata suke. Sannan a cikin wasan ka zaɓi wani wuri ka ɗauke ido daga mai magana, ka kalli wanda ake yi wa maganar. Ɗan wasan kirki yana aiki ko ba shi da layi, kuma sau da yawa a fuskarsa ake gane nauyin abin da aka faɗa. Lura da lokacin da haske ya canza launi ba tare da ka ankara ba, da yadda ɗaki ya zama titi cikin daƙiƙu, da sautin da ke can ƙasa-ƙasa, ruwan sama ko hayaniyar gari.

In an zo gaisuwar ƙarshe, 'yan amshi ne ke fara fitowa, tauraro a ƙarshe, don haka kada ka ajiye tafinka sai ya fito. Bayan sun rusuna za ka ga sun miƙa hannu ƙasa wajen ramin makaɗa, a wasu gidajen kuma su nuna can baya ko sama, inda masu sauti da fitilu suke. Wannan tafin nasu ne. A wasannin makarantu da na ƙananan ƙungiyoyi irin namu ma abin ya fi sauƙi, domin mai fitilar da mai ɗinkin suna nan a bakin ƙofa bayan an tashi suna naɗe waya da kwashe kaya, kana iya zuwa ka ce musu sannu da aiki.